Takalminsa Kawai Na Sani

Shekarun baya, lokacin ina tuzuru a unguwar Karmo da ke Abuja, daga ni sai katifa da risho a ɗaki ɗaya, abu biyu ne suka haɗu suka hana ni sukuni a lokaci guda. Na farko gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasashe da ake bugawa, na biyu maganar aurena da ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Ba zan faɗi shekarar ba, don na san akwai masu lissafi a cikinku, yanzu sai su gano shekaruna su fara ce min Baba.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin katifa a Idu, ɓangaren lodi. Wadda nake nema kuma tana ɓangaren ɗinki, su ne masu ɗinka wa katifa riga. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Bwari, tana zaune wurin gwaggonta saboda aiki, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Mahaifinta manomin doya ne, mutumin Gbagyi, musulmi. Ni kuma Bakatsine ne, daga gidan da aka ɗauki kunyar suruki kamar farilla.

Na taso ina ganin mahaifina, da furfurarsa da komai, in ya hango kakana na wajen uwa a kan hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, in kuwa akwai lungu kusa sai ya shige. Har kakan nan ya bar duniya ban taɓa ganin sun ci abinci wuri ɗaya ba. Saboda haka ranar da zan fara zuwa gaisuwa Bwari, mahaifiyata ta kira ni a waya ta ja min kunne sosai. Ta ce in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, kada in kuskura in ɗaga kai, kada in ja doguwar magana, in an kawo abinci in ce alhamdulillahi a ƙoshe nake. Ta ce mutanen nan ba su san mu ba, da ni za su auna gidanmu gaba ɗaya. Na ce mata kada ta damu, ba zan ba ta kunya ba.

Na kuwa riƙe. Na je gaishe shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum nakan same shi a kan kujera ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tun daga bakin shinge nake sunkuyar da kai, in ƙaraso in zube. In gaishe shi, ya ce lafiya, ya ce madalla, shi ke nan sai shiru. Muryar ma ba wani jinta nake sosai ba, don bugun zuciyata ya cika min kunne. A kawo sakwara da miya tana ƙamshi, cikina yana kuka, in ce a ƙoshe nake. Tunda idona a ƙasa yake, abin da ke ƙasan shi nake kallo, wato takalminsa. Baƙin takalmin roba ne irin na manoma, na hagun ya taɓa tsagewa a gefe, aka liƙe shi da wuta da wani guntun roba shuɗi. Na haddace takalmin nan har na san inda facin ya fara ɗagowa. Fuskar mai shi kuwa, da za a jera min dattawa uku a ce in nuna shi, sai dai in yi canke.

Kawuna da ke Zuba ya je da abokansa suka gabatar da maganar a hukumance. Tsohon ya karɓe su hannu biyu, ya ce ya ji, amma a ba shi lokaci zai yi bincike. To binciken nan ne ya ƙi ƙarewa. Damina ta wuce, aka haƙe doya, shiru. Kuma ba ni kaɗai ba ne a layi. Akwai ɗan aminin tsohon, ma'aikaci a makarantar lauyoyi da ke Bwari, mai ɗaura taye ko ranar Asabar, yarensu ɗaya, ƙauyensu ɗaya. In na tambayi yarinyar ina aka kwana, sai ta ce in yi haƙuri, Baba ba ya gaggawa kuma ba ya aike, abin da yake son sani da ƙafarsa yake zuwa. Na ji maganar, amma ban ajiye ta inda ya kamata ba.

Ana cikin haka gasa ta zo. Ƙasarmu ta fara da tuntuɓe, masu jar riga suka lallasa mu a wasan farko, muka kwana muna tsine musu. Wasa na biyu muka yi kunnen doki da masu farar riga. Sai aka zo wasan ƙarshe na rukuni, inda duk ɗan Najeriya yake komawa malamin lissafi. Abin da ake bukata shi ne mu ci namu wasan, sannan a ɗaya wasan kada masu farar riga su yi nasara. Su wa za su tare mana su? Masu jar rigar nan da muka tsine wa, waɗanda sun riga sun wuce, ba abin da ya dame su. Kuma kamar yadda aka saba, wasannin biyu lokaci ɗaya ake take su, don kada wani ya ga sakamakon wani ya yi wasa da hankalin jama'a.

Gidan kallonmu na Karmo rumfar kwano ce, an zagaye ta da tamfol an toshe duk wata kafa don hasken rana kada ya kashe hoto. Ko da tsakar rana ka shiga sai ka laluba. Benci ne a jere, fanka ɗaya a sama tana wahala, janareta a baya yana ihu. Ranar mai gidan ya aro talabijin na biyu ya ajiye gefen na farko, namu wasan a dama, na masu ja da fari a hagu. Ni kuwa a gidan nan ba baƙo ba ne. Duk kunyar da nake kaiwa Bwari, a bakin ƙofar rumfar nan nake ajiye ta. Ni ne mai sharhi, ni ne koci, ni ne mai gaya wa alƙalin wasa asalinsa. Abokina, wani ɗan Kudancin Kaduna da muke lodi tare, yakan ce ko an ɗauke sauti ba asara in dai ina nan.

Bayan La'asar muka shiga muka kama bencinmu. Ana dab da take wasa sai wani dattijo ya ɗaga tamfol ya shigo, ya tsaya yana lalube. Siriri ne, da farar hula mai aikin zare, irin wadda ake ajiyewa don fita unguwa. Wuri ya cika maƙil. Na matsa na ture abokina, na ce Baba zo ga wuri. Ya zauna kafaɗarsa tana gugar tawa. Na miƙa masa fiya wata, ya karɓa. Na san wasunku sun riga ni ganewa tun yanzu. Ku yi min uzuri, ku kuna karantawa ne a cikin haske, ni kuwa a duhu nake, kuma hankalina yana kan talabijin biyu.

Ba a jima da farawa ba 'yan wasanmu suka zura ƙwallo, rumfa ta ɗauka. Murna ba ta je ko'ina ba sai masu farar riga su ma suka ci a talabijin na hagu, wuri ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Dattijon ya taɓa ni ya tambaya, da irin Hausar nan ta mutanen Abuja da rabin Karmo ke yi, ya ce ba mu ne muke ci ba, me ya sa kowa ya ɓata rai? Ai kamar ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Na gyara zama na shiga yi masa darasi. Na yi masa bayanin maki, na yi masa bayanin rukuni, ina zana masa lissafi da yatsa a kan gwiwarsa. In ya yi jinkirin ganewa in ce haba Baba, ka bi ni a hankali mana. A tsakani ina miƙewa in zagi mai tsaron gidan masu jar riga, in dawo in ci gaba da karatu. Shi dai yana gyaɗa kai.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, aka rage ƙarar talabijin, sai ya ce shi abin da bai gane ba, yaya mutum zai yi nasa ƙoƙarin ya gama, sannan a ce sai abin da wasu suka yi a wani fili? Nan ne bakina ya kai ni inda ban aike shi ba. Na ce ai Baba ni da kake gani a cikin rukuni nake, kuma nawa ya fi wannan tsanani. Na kwashe labarin neman aurena kaf na zuba masa, har da mai taye.

"Wani tsoho ne a Bwari ya riƙe min wuya," na ce masa. "Bai ce na wuce ba, bai ce an cire ni ba. Magana ma sai ka ce ƙirga masa ake yi. Da shi ne alƙalin wasan nan, har gobe ba zai busa tashi ba."

Ya tambaye ni ko na san tsohon sosai.

"Ina fa. Takalminsa kawai na sani. Wani takalmi ne, Baba, gidan tarihi ya kamata a kai shi. In Allah ya sa aka ba ni yarinyar nan, abin da zan fara yi in saya masa sabo, wancan in jefa shi a rafi."

Abokina ya fashe da dariya, na bayanmu ma suka taya shi. Na ji dattijon ya ja ƙafafunsa ya tura su ƙarƙashin benci, na ɗauka wani yake ba hanya. Sannan ya ce to in tsohon ya ba mai taye fa? Tambayar ta shige ni, na daina dariya. Ban san dalili ba, wataƙila don duhu ne kuma baƙo ne da ba zan sake gani ba, sai na samu kaina ina gaya masa abin da ko abokina ban taɓa gaya wa ba.

"In ya ba shi, 'yarsa ce, ba zan zage shi ba. Amma wallahi ban san inda zan sa kaina ba. Ƙwallo in an cire mu akwai wata gasar. Ni wannan ba ni da wata."

Aka ƙaro sautin talabijin. Aka dawo wasa.

Rabi na biyu azaba ne. Namu wasan muna riƙe da shi, kowa ya juya masa baya, ido ya koma hagu. Ka ga mutum ɗari suna yi wa ƙasar da ba su san inda take a taswira ba addu'a, musulmi na kiran Allah, abokina na kiran Yesu, duk a kan masu jar rigar da muka tsine wa uwa da uba. Lokaci yana ta tafiya, har wasu sun fara fita suna tsaki. Ana cikin mintunan da alƙali ya ƙara, masu ja suka samu bugun kwana. Aka bugo, wani dogo ya tashi ya sa kai, raga ta motsa. Sun farke.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Na rungumi dattijon nan na ɗaga shi sama cak. Aikin lodi nake, shi kuma bai kai katifa nauyi ba. Na jijjiga shi, na dire shi, na fizge farar hular nan daga kansa na wurga ta sama ina ihu. Hula ta haɗu da fanka, fanka ta yi mata mari ta cilla ta gaba, ta faɗa cikin ƙafafun mutane da ruwan fiya wata da ɓawon gyaɗa. Ban tsaya nan ba, sai da na shafa sanƙonsa na ce Baba kai ne sa'armu, daga yau kullum nan za ka riƙa zama.

Da aka busa tashi aka ɗage tamfol, hasken yamma ya shigo, sai hankalina ya ɗan dawo, na ce bari in nemo wa bawan Allah hularsa. Na same ta an tattake, ta yi baƙi, gefe ɗaya fanka ta yage shi. Na dawo ina kaɗe ta ina shirya ban haƙuri, ta suɓuce ta faɗi gabansa, na durƙusa in ɗauka. Durƙuson nan shi ne daidai yadda na saba ganinsa. Baƙin takalmin roba, na hagun da faci shuɗi, facin ya fara ɗagowa a inda na sani.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Duk maganar da na yi ta riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya, alƙalin da ba ya busa tashi, gidan tarihi, rafi. Ya sunkuyo ya zare hular daga hannuna a hankali, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce, "Madalla." Wannan karon na ji muryar sarai. Ya fita kai ba hula, ni kuwa ina nan a ƙasa, sai da abokina ya kama ni ya tayar yana tambaya ko aljanu ne.

A gida na ji sauran labarin. Matar da ke sayar da abinci a ƙofar gidanmu, wata 'yar Binuwai, ta tare ni da fara'a ta ce oga, baƙonka ya same ka? Ta ce wani baba ya zo tun azahar, ya zauna ya yi ta tambayarta halina, ya shiga ya tambayi maƙwabta, ya je har masallacin unguwa. Da ya ce yana son ganina, ita ce ta nuna masa gidan kallo, ta ce ya bi inda ya ji murya ta fi ta kowa. Unguwa ta kwana tana murnar mun wuce zagaye na gaba, ni ko abinci ban iya ci ba.

Kwanakin da suka biyo baya na koma kamar ɓarawo a wurin aiki. In na hango yarinyar ta fito daga ɓangaren ɗinki sai in shige bayan tulin katifu. Rannan ta ritsa ni, ta ce me na yi wa babanta? Ya dawo gida kai ba hula, ya ba ta wata yagaggiya ya ce ta wanke ta ɗinke, kuma tun ranar in yana zaune shi kaɗai sai a ga kafaɗunsa suna rawa, ba a san ko tari ne ko me ba. Na gaya mata komai. Ta dafe bango, ta rufe baki da mayafi, ni kuma ban iya gane ko kuka take ko dariya ba. Mahaifiyata kuwa da na gaya mata, salati ta yi ta yi, sannan ta ce ita ba ta da bakin da za ta ba mutanen nan haƙuri, in fara neman wata kawai. Ni ma a raina na riga na ba mai taye kofi.

Sai ga saƙo, tsohon yana nemana, in zo da kawuna. Abokina ya ba ni shawarar in tafi da sabon takalmi, na ce masa in ya sake magana za mu ɓata. Hula dai na saya. A mota kawuna bai bar min ko kusurwa ba, tun daga Zuba har Bwari faɗa yake, yana cewa na zubar da mutuncin zuriya a gidan ƙwallo.

Muka same shi ƙarƙashin mangwaron. Na zube nesa fiye da kullum. Kawuna ya buɗe ban haƙuri, ya kawo ƙuruciya, ya kawo sharrin Shaiɗan, ya kawo sharrin Turawan da suka ƙirƙiro ƙwallo. Tsohon ya bar shi ya gama, sannan ya yi maganar da ta fi duk wadda na taɓa ji daga bakinsa tsawo.

"Yaron nan yana zuwa gidana wata da watanni. Bai taɓa duba fuskana ba. An kawo abinci, bai taɓa ci ba. Na ce ko ƙyaman mu yake yi, ko akwai abin da yake ɓoyewa. Yaya zan ba yarinyana ga mutum wanda ban san ko yana da haƙori ba?"

Kawuna ya fara bayanin cewa ai a wurinmu girmamawa ce. Tsohon ya ce ya sani, ya zauna da Hausawa tun yana yaro, amma shi ko a gona ɗaya bai taɓa ganin an sayi doya a cikin rami ba tare da an tono an duba ba. Ya ce ya je Karmo ya tono. Maƙwabta sun ce ba ni da faɗa, ba na shaye-shaye, sai dai surutu ranar ƙwallo, shi kuma ya ce ƙarya ne, wannan beben? Shi ya sa ya shiga ya gani da idonsa.

"Na gani," ya ce. "Ya ba ni wuri, ya ba ni ruwa, ya zage ni, ya ɗaga ni sama. Kuma ya ce in na hana shi ba zai zage ni ba, amma ba shi da wani gasa. Wannan na ji shi." Ya juyo wajena. "Ɗaga kai ka dube ni, don gobe kada ka je ka cire hulan wani."

Na ɗaga, amma iyakata gemunsa. A nan wata kunyar ta sake rufe ni, wadda ta fi ta gidan kallo. Ashe duk watannin nan da nake ganin tsoho ya riƙe min wuya, ni na riƙe kaina. Ladabin da nake taƙama da shi, shi yake karantawa a matsayin ƙyama, yana zaune yana jin zafin an ƙi cin abincin gidansa, ni kuma ina komawa Karmo ina yaba wa kaina.

Aka kawo sakwara. Ya ce a ajiye a gabana. Kawuna yana harara ta gefe, tsohon yana kallo ta gaba, na wanke hannu na ci, kowace loma kamar dutse. Sai da na ci rabi sannan ya ce wa kawuna su je su shirya, a zo a sa rana. Sabuwar hular da na kawo ya karɓa ya yi godiya, ya miƙa wa ƙaninsa. Da muka tashi tafiya ya kira ni, na dawo na durƙusa.

"Takalmi kuma ka bar shi," ya ce. "Bai yi maka komai ba."

Ranar ɗaurin aure, da farar hular nan ya zo. An wanke ta tas, amma tabon bai fita duka ba, ga ɗinkin matata a gefen da fanka ta yaga. Duk hoton da aka ɗauka ranar tana ciki. Babban yana rataye a falonmu, kullum sai na wuce ta gabansa.

Mutane in na ba su labarin nan dariya suke yi, ni ma nakan taya su, amma har yau in na tuna hannuna a kan sanƙon bawan Allah nan sai na runtse ido, ko a cikin mota nake. Ban daina ganin girman kunyar da aka koya min ba, ita ce tarbiyyar gidanmu kuma ina koya wa 'ya'yana. Abin da na ƙara a kai shi ne in riƙa tambayar kaina yadda wanda nake yi wa ladabin yake ganinsa. Abin da kuma ya fi tsaya min a rai, matata ce ta gaya min shi bayan shekaru. Ta ce babanta yakan ce tunda yake da ni, sau ɗaya tak na taɓa yi masa hira, ita ce ta gidan kallo, kuma ya ji daɗinta. Bayan aure na koma gidan jiya, gaisuwa a durƙushe, ido a kan takalmi. Abinci dai ina ci.

Da gasar da ta wuce ta zo wasan ƙarshe na rukuni, muka sake samun kanmu a hannun lissafi kamar yadda muka saba, sai ga saƙo daga Bwari. Tsohon ya ce an sa masa talabijin, amma yaran gidan ba su iya bayani ba, in zo in yi masa. Na je. Ya tsufa sosai, ƙafar ma sai da sanda. Na nemi wuri a ƙasa, ya bubbuga bencin da yake kai ya ce nan. Na zauna a ɗofane, kafaɗata tana gugar tasa, na rasa inda zan sa idona. Ana dab da take wasa sai na ga ya ɗaga hannu a hankali ya cire hularsa, ya ninke ta, ya tura ƙarƙashin cinyarsa ya danne.

"To," ya ce, "yanzu fara."